Rijiyar da Madina Ta Ƙi Gogewa

"Goge ta, Madina."

Shef Almustafa, shugabanta a wurin aiki, na tsaye a kanta, motar da za ta kai aikin Yamai na ruri a ƙofar biro, wato ofishinsu. Madina Nomau ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ranka shi daɗe, ba ni gogewa."

Tun zuwanta Arlit daga Tawa aikinta ɗaya ne. Kullum da safe ta kunna kwamfuta, ta gina ma'aikata a ciki tun ba a aza tubali ba: bango, bututu, tafkin zuba ruwan guba. Masu auna illar aiki ga ƙasa wannan ginin suke juyawa su duba. Abin da babu shi a ginin Madina, babu shi a idonsu.

A 2008, ana tsakiyar tawaye, wani kamfanin uranium ya miƙo mata hoton wani kwari a Dannet, fili fetal. Ashe da damina aka ɗauke shi, bayan makiyaya sun rufe rijiyarsu da itace da yashi sun bi ciyawa. Tsoho Rhissa, mai kawo mata cuku, shi ya tsegunta mata da Hausarsa ta Abzinawa: "Kai Madina, wajen nan ruwana ne."

Ta haye bayan kamyo, babbar motar kaya, hanya duk nakiyoyi, ta tono bakin rijiyar da hannunta. Ta dawo ta dasa ta cikin ginin na kwamfuta, tantuna kewaye, daidai inda tafkin zai tsiyaye.

"Tantunan Abzinawa a wannan zamani?" in ji Shef. "Cewa za a yi kina tare da 'yan tawaye. Kina da 'ya'ya fa."

"Su ma suna da su. In gogewar ce, cire sunana ka sa naka."

Bai sa ba. Jandarmomi suka yini suna juya ta da tambayoyi, ƙarin girma ya tsallake ta har ta yi furfura. Amma tafkin ya koma bayan tudu, kuma jikokin Rhissa na shayar da raƙuma a rijiyar har gobe.

Ke ce Madina, mai taurin kan da ya raya kwari. Rediyo bai taɓa kiran sunanki ba. To, mu mun kira. Allah ya saka miki. Ku kuma masu zama gaban kwamfuta, ku tashi ku taka ƙasar da kuke zanawa.

Ran walimar ajiye aikinta, ana cikin addu'a, sai ga baƙo da rawani har hanci.

"Ina Madina mai rijiya? An zana sabuwar hanya ta kan makabartarmu."

Ta ajiye kofin shayi.

"Zauna, malam. Nuna mini wurin."