Feshin da Ya Kusa Ɗauke Numfashina

Assalamu alaikum jama'a. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo shiru, ku yafe ni, hannuna ne ya kasa riƙe waya. Yau ga ni.

Iyalina suna unguwar Kurayyat a nan Jidda, ni kuma aikina feshi ne a wata gonar inabi da rumman can saman dutsen Ɗa'if. Shekara tara ina goya tankin maganin ƙwari. Alhamis in sauko gida, Asabar in koma.

Wata Alhamis murfin tankin ya tsage. Na ji sanyi yana bin gadon bayana, na ce gumi ne, na ci gaba. Da na gama ban yi wanka ba, na zura jallabiya a kan jiƙaƙƙiyar rigar na hau mota.

A hanya kaina ya fara sarawa. Muna shigowa Jidda yawu ya cika mini baki, ina haɗiyewa yana dawowa. La'asar ce, amma gari ya yi mini duhu-duhu.

Matata Zulaiha ta buɗe ƙofa ta dube ni. "Abu Hafsa, idonka! Baƙin ya tsuke kamar kan allura." Kafin in ba ta amsa na kelaya amai a bakin ƙofa. Ta kira yayanta Usman, mai tuƙa motar haya. Yana ganina ya ce, "Yalla, mustashfa, asibiti za mu. Ɗauko iƙamarsa ta zaman ƙasa da katin tamin na inshora."

Likitar da ta karɓe mu ta shinshina rigata ta ja da baya. "Wane magani kake fesawa?"

Ban san sunansa ba. Shekara tara.

Sai da Usman ya kira abokin aikina Bashir ya turo hoton galan ɗin maganin. Nas-nas suka sa safar hannu, suka yanke tufafina da almakashi, suka wanke ni kamar gawa ina ji ina gani. Sai allura a kan allura, ana ɗibar jini safe da yamma ana auna ƙarfin gubar.

Rana ta uku na ji sauƙi har na nemi shayi. Washegari na kasa ɗaga kaina daga filo. Likita ta ce wa Zulaiha, "Gubar ta kai ga naman da ke jan numfashi. Za mu sa masa inji."

Kwana tara inji ne ke numfashi a madadina. Ƙirjina ya tashi, ya sauka, ba ni na sa shi ba. Na ji tsoro ƙwarai, amma mamaki ya fi tsoron yawa. Subhanallah. Tun ranar da aka haife ni ake mini wannan aiki kyauta, ban taɓa sanin aiki ba ne.

Ranar da aka zare bututun na ja iska da kaina, Zulaiha ta durƙusa ta yi sujada a kan tayal ɗin asibiti.

Tamin ya ɗauki kuɗin gado da inji. Gashin ƙashi kuwa, don yatsuna sun mace, 'yan'uwa ne suka tsaya mini.

Makon jiya Usman ya kai ni gona in gaisa da mutane. Ina sauka na ji ƙugi kamar na taron ƙudan zuma. Na ɗaga kai, sai ga wani ɗan jirgi marar matuƙi, faɗinsa bai wuce tabarma ba, yana bin layin inabi yana feshi. Ya kai ƙarshe, ya juya da kansa, ya kama na gaba, bai tsallake ko ɗaya ba. Babu ɗan Adam a cikin hayaƙin. Bashir yana can nesa a inuwa, ta inda iska ke tasowa, da allon sarrafawa a hannu, rigarsa a bushe.

Na tsaya baki buɗe har hawaye ya zubo mini. Allah mai sanar da bawa abin da bai sani ba.

Bashir ya ce, "Kar ka yi murna da yawa, gobe ya cinye mana aiki." Kafilinmu, mai gonar, ya dafa ni ya ce, "Halas, kai da tanki har abada. Zo ka koyi wannan." Na fara, duk da yatsun ba su gama warkewa ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci, da Usman, da Zulaiha da ba ta bari na ga kukanta ba sai ranar sallama.

'Yan'uwana masu feshi, ku riƙe hoton galan a wayarku. Ku sa takunkumi da safar hannu ko zafi zai narka ku, har masu jirgin ma, don da hannu ake zuba masa magani. In ya taɓa jiki, a tuɓe a yi wanka da sabulu nan take. In yawu ya yi yawa ido ya tsuke, kar a tsaya shan madara, asibiti kai tsaye.

Inabin da ƙwari suka ci, baɗi zai sake toho. Kai fa?