Na Toshe Lambar Abokina a Kan Kayan Boka

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ni mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Filinge, saurayi mai shekara talatin da ɗaya, ban yi aure ba. Rumfata ƙarama ce, amma ina da farantin hasken rana biyu a kan rufi. Da aka rufe iyaka, lantarki ya koma ya zo yau ya ɗauke gobe, sai rabin unguwa suka dawo wurina sa caji. Aikin ba ya cin ƙarfi, na saka waya a jona, na zauna. Mutum ne ni mai son a ce na iya, kuma ba na son gyara a gaban jama'a. Ina rubuto muku wannan ne, masu karanta mujallar nan, domin in ban da mutum ɗaya ban taɓa ba kowa labarin daga farko har ƙarshe ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Ina da aboki da muka tashi tare tun ajin farko na lakwal, wato makarantar boko. Shi ya ci gaba da karatu har ya zama mushe, malamin makaranta ke nan, aka tura shi wani ƙauye a arewa, can wajen hanyar Abala, tare da matarsa da ƙaramar ɗiyarsu. Shi ne ya shigar da ni wani wasan yaƙi na intanet da ake yi a waya. Mutum biyar ke haɗuwa su shiga kogo su yaƙi dodo, kowa da aikinsa. Sauran ukun duk 'yan garinmu ne, biyu suna Yamai, ɗaya yana ci-rani a bakin teku. Abokina shi ne mai garkuwa, shi ke tsayawa gaba ya sha duka don sauran su samu damar kai sara. Ni kuma mai warkarwa, wanda muke kira boka. Ina tsayawa baya, in na ga jinin wani ya yi ƙasa na ɗaga sanda na cika masa. In boka ya yi sake, mai garkuwa ne farkon faɗuwa.

Ƙauyen da yake babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai a kan wani tudun dutse bayan gari. Kullum bayan la'asar, in ya sallami yara, sai ya hau tudun ya zauna a gindin wata aduwa, mu yi wasa har rana ta yi ja. Ko a can rezon yanke-yanke yake yi. Ana tsakiyar faɗa sai ka ga mutuminsa na cikin wasan ya ƙame kamar gunki, numfashi uku ko huɗu, sannan ya dawo. Saboda haka tun farko don shi na gina bokana. A wasan, duk matakin da ka hau ana ba ka maki ka raba yadda kake so: ƙarfin warkarwa, ko sauri, ko kaurin jiki, ko girman tulu, wato ma'ajin ƙarfin da in ya ƙare sandarka ta zama icen banza. Ni na zuba mafi yawa a tulu da warkarwa. Kaya kuma na sa masa farare: farar alkyabba, zoben azurfa da wata doguwar sanda. Aikinsu shi ne in ka warkar da mutum sau ɗaya, maganin ya ci gaba da bin jikinsa a hankali, kuma ya lulluɓe shi da kariya na ɗan lokaci. Kafin rezonsa ya dawo, kariyar ta riƙe shi. Wata bakwai muka yi haka. Ba mu yi fice ba, amma ba ma faɗuwa.

Sai masu wasan suka fito da allon daraja, inda ake jera sunayen bokaye bisa yawan abin da suka yi, suka kuma fito da jajayen kaya. Jan kaya na sauri ne. Warkarwarsu kamar walƙiya take, mai yawa a lokaci guda, kuma tsakanin warkarwa boka na iya jifan dodo shi ma, duk a rubuta masa. Amma babu kariya, babu maganin da ke bin jiki, tulu kuma ƙarami. Suna son mai garkuwa mai saurin kaucewa. Na san wannan sarai, don na karanta bayanin ya fi sau goma. Sai dai na duba allon na ga sunana can ƙasa, na ga waɗanda na tabbata na fi su hannu suna sama. Mako uku na yi ina tara kayan ɗaya bayan ɗaya, ina wasa da baƙi da hantsi lokacin da abokina ke aji. Ranar da suka cika, na kwashe makina daga tulu na zuba a sauri, na jefa fararen kaya a akwati, ban shawarci kowa ba.

A ranar sau huɗu muka shiga kogo, sau huɗu ya faɗi. Da ya ƙame sai dodo ya gama da shi kafin in juyo. Washegari ma haka. A rana ta uku ya yi mini magana a cikin zauren muryar da muke haɗuwa mu biyar. A hankali ya yi ta, irin yadda yake yi wa 'yan ajinsa. Ya ce ya lura na canza kaya, kuma jajayen ba su dace da mai rezo irin nasa ba, ko zan mayar da alkyabbar kawai. Na ce masa kayana lafiyarsu lau, matsalar tudunsa ce. Ya ce ya sani, shi ya sa yake roƙo. Da a keɓe ya faɗa mini, wataƙila da na ji. Amma sauran suna saurare, ɗaya ma ya yi 'yar dariya, sai raina ya ɓaci. Na ce wata bakwai ina goyonsa, ba zan ƙare rayuwata ina jiran mutumin da ke wasa daga kan dutse ba, in ba zai iya ba ya ba da wuri. Abin da ya ce kawai shi ne: “Aboki, wannan awa ɗayan ita kaɗai ce nake jin muryar 'yan gida.” Na ji maganar, na kuma gane ta, amma na ce masa nan ba wurin hira ba ne.

Cikin kwana biyu na shawo kan sauran muka ɗauko wani ɗan Yamai mai rezo mai ƙarfi ya maye gurbinsa. Sunana ya fara hawa allo. Abokina ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba, domin na san in na ji muryarsa zan ji kunya, ni kuma ba na son in ji ta. A kira na uku na toshe lambarsa. Na ce wa kaina na mako ɗaya ne, kafin zuciya ta huce. Mako ya zama wata. A cikin wasan akwai akwatin wasiƙa, na ga alamar saƙo daga gare shi, ban buɗe ba.

Wata Juma'a ɗaya daga cikin abokan wasanmu na Yamai ya kira ni ya ce mushe na nemana ruwa a jallo, ya ce magana ce ta kawuna. Kawun nan nawa direba ne, yana da babbar mota da ke zagaya ƙauyukan arewa tana kwaso mutane da buhunan gero ranar kasuwa. Lokacin an hana hawan babur a yankin saboda rashin tsaro, motoci kuma sun rage bin hanyar, shi ne cikin 'yan kaɗan da ba su daina ba. Na ce wa mai kiran na ji, zan neme shi. A raina na ce dabara ce kawai ta ya samu in ɗauki waya. Ina riƙe da wayar wani ina canza mata gilashi, na ce bari in gama. Na gama na shiga kogo. Ranar kasuwa kawuna ya tsaya a rumfata ya sha ruwa, yana ƙorafin ya dawo da mota rabi babu kowa. Ko a lokacin ban tuna ba.

Kwana uku bayan haka matar abokina ta iso Filinge a kan amalanken jaki, ita da ɗiyarta da ƙullin kaya ɗaya. Daga bakinta muka ji. Wasu mutane masu bindiga sun zo ƙauyen tun makon da ya wuce, suka ce a rufe lakwal, suka ce za su dawo. Abokina ya rufe, ya yi ta neman motar da za ta fitar da su bai samu ba. Da wani maƙwabci ya yarda ya ɗauki mutum biyu a amalanke, ya ɗora su, ya ce shi zai biyo a ƙafa in ya mayar wa mai gari makullan aji. Bai iso ba. Wani makiyayi ya ce ya ga an tsayar da shi a hanya da rana tsaka, an ɗaure masa ido an tafi da shi. An kai rahoto, an bincika iya yadda ake iyawa. Har yau da nake rubutun nan babu gawa, babu labari.

Da na je gaishe da matar a gidan iyayensa, ta dube ni ta tambaye ni ko saƙonsa bai same ni ba. Na ce mata wayata ce ta lalace a kwanakin. Ni mai gyaran waya, wannan ƙaryar na iya yi. Na koma rumfa na ja ƙofa na buɗe akwatin wasiƙar. Saƙo uku ne. Na farko dogo ne, tun makon da muka yi faɗa. Ya zauna ya yi lissafi irin na malamai: in na riƙe jar sanda da jan takalmi, na mayar da farar alkyabba da zoben, na dawo da kashi ɗaya cikin huɗu na makina zuwa tulu, abin da zan rasa a allo kaɗan ne, shi kuma zai iya tsayuwa. Ya ce ya yi haƙuri da ya yi mini gyara a gaban mutane. Na biyu ya ce an zo musu, ba ya son yin maganar da murya don bai san wa ke saurare a ƙauyen ba, in roƙi kawu ya ratso ta mararrabarsu ranar kasuwa, za su jira a bakin rijiya, su uku. Na ukun layi ɗaya ne, ya ce sun jira har la'asar, wataƙila kawu bai samu dama ba, in gaishe shi. Daga baya na tambayi kawuna, kamar da wasa, ko da zai iya ratsawa ta can. Ya ce tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce, don ɗan gidan nan ko ba a biya shi ba zai je.

Wata biyar na yi ina ɗauke da wannan. Na daina wasan, na rame, mahaifiyata ta ɗauka sammu ne har ta fara zancen a kai ni ƙauye wurin masu bori. Ba na iya bin layin gidan iyayen abokina. Ranar da ɗiyarsa ta zo da kakarta sa caji, na ce farantin hasken rana ya lalace don kawai su tafi. A ƙarshe na je na samu matar a tsakar gida tana tankaɗe, na durƙusa na faɗa mata komai, har da ƙaryar waya. Ba ta daina tankaɗen ba sai da na gama. Ta ce ta sani tun suna bakin rijiya, domin shi da kansa ya gaya mata na toshe shi, amma ya ce ko na yi fushi ina duba wasiƙar wasa kullum, don haka mota za ta zo. Ta ce abin da take jira shi ne ta ga ko zan faɗa da bakina. Na roƙe ta gafara. Ta ce nata haƙƙin ta bar ni da Allah, ba ta riƙe ni ba, amma nasa ba ta da ikon yafewa, sai in jira shi kamar yadda take jira. Ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba, haka take zaune har yanzu.

Na san ba ni na ɗauke shi ba, mutane sun sha faɗa mini, kuma na yarda abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma na san abin da yake hannuna a wancan makon, na kuma san abin da na yi da shi. Ba wasan nake zargi ba, domin wasan ne ya haɗa mu muna gaisawa kullum lokacin da hanya ta gagara. Abin da na koya shi ne mutumin da ya nace sai ya zauna cikinku, ko yana ja muku baya, ku tambaye shi me zaman yake tsare masa kafin ku ce ya tashi. Masu wasa irin nawa, in ku ne masu warkarwa, ku zaɓi kaya da maki daidai da mutanen da ke gabanku, da rauninsu, ba daidai da allo ba. Kuma ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman mu da muke da 'yan'uwa a ƙauyukan da ba a kwana da ido biyu rufe: ka yi fushi in za ka yi, ka ƙi magana, ka ɗauki waya ka yi faɗa ka kashe. Amma kada ka toshe lambar wanda ke zaune inda wata rana kira ɗaya kawai zai samu damar yi. In akwai wanda ka toshe, ka ajiye mujallar nan ka buɗe shi yanzu, sauran shafukan za su jira ka.