Irin Gyaɗar da Na Jingina wa Allah

Gab da samun mulkin kai, ina matar aure mai ƴaƴa uku a wani ƙauye kusa da Tirmini. An san ni da sanyin baki, ban iya ce wa mutum a'a ba. A lokacin na ɗauka wannan kirki ne.

Maƙwabciyata, wadda nake kira Yaya, ta fita takaba a bazarar nan. Jinyar mijinta ta cinye rumbunsu har da iri. Ta same ni ina tankaɗe, ta ce in taimaka mata da irin gyaɗa ko tiya biyu, in kaka ta yi ta mayar. Na san abin da na ɓoye a tulu gayaunata kawai zai isa, kuma tun tana magana na yanke ba zan bayar ba. Amma na yi murmushi na ce in Allah ya yarda. Ta yi godiya ta tafi. Ashe da ƙanenta ya zo daga Hamdara da tayin iri, sai ta ce ya kai wa mai buƙata, ita ƙanwarta ta riga ta yi mata alkawari.

Hadari ya fara haɗuwa kullum da la'asar. Yaya takan leƙo ta katanga ta gaishe ni, ba ta tambaya, ni ma ba na ɗauko maganar irin. Ranar da ruwan shuka ya sauka, na yi sammako na shuka nawa duka. Da na dawo na tarar da ita a ƙofata da ƙwarya a hannu. Ta dubi laka a ƙafata. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai in gaya mata, Allah ne bai yarda ba ko ni ce. Ta ce da a'a na ba ta tun farko, da tamkar iri na ba ta, don da ta karɓi na ƙanenta.

Gonarta ta yi ciyawa. Bayan kaka ta bi motar fataken Kano da marayunta, ban ƙara ganinta ba.

Sai da na tsufa na koyi rubutu a ajin manya, shi ya sa yau nake faɗa muku da hannuna. Ƴan'uwana mata, in Allah ya yarda kalmar mai niyya ce. In ba ku da niyya, ku ce a'a da bakinku. Gyaɗata ta yi kyau a shekarar, amma ban iya cin ta ba.