Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Kukan ƙyauren ɗakin girkinmu ne ya fara jan hankalina. Ƙyaure ne na katako da aka lulluɓe da kwano, in an taɓa shi sai ya yi ƙiii sau ɗaya, ya yi shiru. Ran nan da hantsi ina tsintar shinkafa a faifai, sai na ji yana ta kukan a jere kamar ana lilo da shi. Da na leƙa, 'yar maƙwabciyata ce ta taka turmi ta kama saman ƙyauren da hannun dama, tana reto, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

"Ke, sauko kafin ki karya mana ƙofa! Me kike yi haka?"

"Ja nake yi, Yaya."

"Jan me?"

"Hannuna. So nake ya yi tsawo."

Shekarata ɗaya ke nan da aure a lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Maigidana akawu ne a reluwe, aka kawo shi Minna, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a unguwar Fadikpe. Uwar yarinyar Banufiya ce daga Bida, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, uban kuwa tela ne. Ƙyanda ta kama yarinyar tana ƙarama, Allah ya tashi kafaɗarta, amma jikin ya tsumbure. Shekararta takwas, wanda ya gan ta sai ya ce biyar.

A zamanin nan ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, yaro zai ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, a rubuta sunansa. In bai kamo ba, a ce ya dawo baɗi. Sau biyu ana ce wa yarinyar nan baɗi. Uban ya gaji, ya ce wannan karon ne na ƙarshe, in aka sake koro ta zai kai ta Bida wurin kakarta ta koyi suyar gyaɗa, a rufe zancen boko. Ba mugun mutum ba ne, kunyar layin ce ta ishe shi.

Ni kuwa takardar sakandarena tana ƙasan akwati, zannuwa sun danne ta. Tun da na zo garin ban yi mata wani amfani ba sai karanta wa matan gida wasiƙa. Na ce wa yarinyar ta bar mana ƙyaure ya huta, ta riƙa zuwa wurina bayan azahar. Na ɗauka daga farko zan fara, kamar mai shuka a sabon fili, ashe wasu sun riga ni. A makarantar allo ta wuce izu biyu, saboda haka ta san zama wuri ɗaya, ta san bin baƙi da yatsa. A gindin kaskon uwarta ta iya ƙirga ƙuli ashirin-ashirin da Nufanci, ba ta ɓata. In ta shigo sai ta durƙusa ta gaishe ni, in za ta tafi ta share inda ta zauna. Abin da na ƙara mata kaɗan ne: haruffan boko, da cewa su daga hagu ake faro su. Kwana uku tana yi mini dariya, wai mutanen nan komai nasu a baibai yake. Kafin doya sabuwa ta ƙare a kasuwa tana karanta rubutun jikin gwangwanin madara.

Hannun dai bai ƙaru ba. Kowace Juma'a sai ta gwada a gabana, yatsa ya tsaya can sama da kunne, ta dube ni, ni kuma in kau da kai.

Da ranar ta matso, na zauna na tsara wa hedimasta wasiƙa da Turanci, shafi biyu, har da kalmomin da ban taɓa furtawa da baki ba. Ina cikin kwafewa mai gidan hayarmu ta tsaya a kaina. Tsohuwa ce Bagwariya, Kirista, maginiyar tukwane, kuma ita ce ungozomar unguwa. Ba ta san ko harafi ɗaya ba. Hausarta irin ta garin ce, kowa namiji ne a bakinta.

"Amarya, me kana rubutawa tun safe?"

Na gaya mata.

"Wannan yarinya? Ni na yanke cibiya nasa. Shi da jikana kwana uku ne tsakani. Jikana yana aji uku yanzu."

Allah ya yafe mini, a raina na ce wa zai saurari lissafin tsohuwa a gaban teburin makaranta. Sai can wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Mama, da aka haifi jikar taki, ba a ba ku wata takarda a coci ba?" Ta shiga ɗaki ta zura hannu cikin wata tukunya, ta fito da katin baftisma a naɗe cikin tsumma. Ga rana, ga wata, ga shekara. Ta ajiye shi shekara takwas ba ta san abin da ke ciki ba, ni kuma na iya karantawa amma ba na nan aka yi haihuwar.

Ranar ɗauka muka tafi mu huɗu: ni, da yarinyar, da uwarta, da tsohuwa da ƙwaryar kayanta a kafaɗa, don daga can kasuwa za ta wuce. An kafa tebur a gindin mangwaro, layi har bakin hanya. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da aka zo kanmu yarinyar ta ɗora hannu, ta karkata wuya, ta ɗaga kafaɗa, har da ɗage. Hedimasta ya ce, "Baɗi," bai ma ɗago sosai ba. Uwar ta ja gyale ta rufe fuska.

Na miƙa wasiƙata. Ya karanta layi uku, ya ce, "Malama, Turancinki ya yi kyau," ya ɗora kwalbar tawada a kai. Ya ce kowace uwa a layin nan za ta rantse ɗanta ya isa, in ya karya doka saboda mutum ɗaya, gobe goyo za a kawo masa. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Tsohuwa ta sauke ƙwaryarta a kan teburin, dab da rajista.

"Hedimasta, ka aika a kira jikana."

Aka kira ta daga aji uku, doguwa, ta fi tamu da kai guda. Na ajiye katin, na nuna masa shekarar. Ya ce, "Mama, katin nan shekarun jikarki ya faɗa, bai ce komai a kan wannan ba."

"Ku buɗe baki," in ji ta. Yaran suka buɗe. Haƙoran gaba duk sun fita sun sake tsirowa, manya-manya, iri ɗaya.

"Mama, awaki kika kawo mini ne da za a duba haƙori?"

Layi ya kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Ɗanka na fari, wa ya karɓe shi? Na biyu fa? Ka taɓa ji na ƙara wa wani kwana ɗaya?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi yarinyar ya ce, "To, shekaru na ji. Amma benci zai haɗiye ta, manyan yara su danne ta. Ke, kina iya zaman aji?"

Yarinyar ta matso jikin tebur. Idonta na kan rajistar da ke gabansa, ta miƙa yatsa ta fara karanta sunayen yaran da ya rubuta tun safe, ɗaya bayan ɗaya, tana jan su da 'yar waƙa irin ta makarantar allo. A na shida ya ɗaga hannu. Ya tsoma alƙalami a tawada ya ce, "Faɗi naki."

Uwar ta rangaɗa guɗa a tsakiyar filin makaranta, har malamai suka leƙo ta taga. Tsohuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta saɓa, ta ce mun sa ta makara, ta yi gaba. Ni dai na samu gindin mangwaron na zauna ina ta hamdala. Wasiƙata tana nan ƙarƙashin kwalba, ban koma ta kanta ba.

Uban da kansa ya ɗinka mata kayan makaranta, ya yi musu kalmasa mai faɗi a ƙasa wai ko za ta yi tsawo. Ranar farko uwar na kan kasko, ni na raka ta, da aka tashi kuma na je na tsaya a bakin hanya ina jira. Ta fito cikin yara, sai da na duba sosai na hango ta, alli har a goshi. Na kama hannunta muka taho, ina tambayarta ko wani ya taɓa ta, ko ta ji yunwa. Ta zame hannun a hankali, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, gobe ki yi zamanki. Na san hanya."