Gwangwani Huɗu na Dogo

Dogo ɗan baffana ne, kuma ni da ƙafata na kai shi shagon Maigida, tsohon mai zanen da nake wa aiki, bayan ciwon baya ya sauke shi daga tuƙin mota. Da na sani, da na bar shi a tasha yana zaman kashe wando.

Maigida ba shi da ɗa, kuma kowa ya san cikin ma'aikatansa zai zaɓi magajin shagon. Ni tuni na sa rai. Kabad ɗin fenti a buɗe yake gare ni: shuɗi, kore, ruwan hoda, sai wanda na ga dama. Dogo kuwa gwangwani huɗu aka tura masa, jan ƙasa, ruwan ɗorawa, fari da baƙi.

"Mai yaɓe," nakan tsokane shi, "yau ma laka za a kwaɓa?"

Sai ya tokare bayansa da matashi a bakin taga, ya yi ta cakuɗa fenti a kan fasasshen faranti. Wata rana ya haɗa fari da baƙi ya shafa a gefen jan ƙasa, sai ga shi ido na ganin shuɗi, sararin sama sak. Na je na duba kabad ko ya taɓa min gwangwani. Bai taɓa komai ba. Ranar, hassada ta hana ni cin abincin rana.

Abin da ke sanyaya min rai shi ne faɗan da yake sha wajen Maigida. "Goge! Wannan fuskar mutum ce ko gindin tukunya?" Ni kuwa duk allon da na rubuta, Maigida sai ya ce, "Ya yi, kai wa mai shi."

Rannan na ƙirƙiro tausayin ƙarya, don in ji ta bakin tsohon. "Maigida, a ba wa bawan Allah nan kore mana, ya wahala."

Bai ko ɗago daga wanke burushi ba.

"Haka nawa maigidan ya hana ni, har na fara furfura. A sana'ar nan wanda za a bar wa shago shi ake hanawa." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Kai ai ban taɓa hana ka komai ba."