Matar da ke rage wa sabar asibiti kaya

Ba wanda ya lura ta danne hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya, sai ni. Da yatsa ɗaya take taɓa madannan kwamfuta, kamar ba ta yarda da saurinta ba.

Daga Suva, babban birnin ƙasarmu, aka turo ta ƙaramin asibitin tsibirinmu, domin sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, ta cika, tana ta daskarewa. Dattijuwa ce mai furfura, cikin riga mai furanni. Tana cire manhajoji ɗaya bayan ɗaya, tana karanta sunan kowace a hankali kafin ta goge. In ta taɓa wadda injin ke tashi da ita, asibiti ya tsaya sai jirgin ruwa ya dawo da kayan gyara. Ina jin ta taɓa yin wannan kuskuren a wani tsibiri.

Sista Vasemaca, babbar nas ɗinmu, ta leƙo. "Ke 'yar birni, kar ki goge min masu hawan jini fa!"

"Suna nan, Sista. Wasan katinki ne dai ya tafi."

Dattijuwar ta sake kunna injin. Sunaye suka bayyana a kwamfutar Sista. Sai dattijuwar ta kwance ƙunshin dafaffen rogonta, ta tambaye ni inda ake samun ruwan zafi.