Na Ce Musu Taifot Ne

Salamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo min saƙo, "Oga Nasiru, kana raye kuwa?", ina raye, na warke. Amma wallahi ban zo da murna ba.

Tari ne ya fara, irin wanda kafinta ba ya kulawa da shi. Na ce ƙurar katako ce. Na sha maganin kemis, na sha zuma da citta, shiru. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi, sai wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Ranar da na tofa jini a kan katakon da nake gogewa, na ajiye aiki na nufi asibiti.

Suka ba ni 'yar roba na tofa kaki, suka ɗauki hoton ƙirji. Da na koma, likita ta ce, "Malam Nasiru, tarin fuka ne, tibi. Maganin kyauta ne, wata shida, kullum da safe. Amma makonnin farko kana iya shafa wa mutane. Ka sa takunkumi, ka buɗe taga, duk mai zama da kai ka faɗa masa."

Na ce to. A ranar na sa matata da yara a mota zuwa gidan iyayenta.

Ina cikin ƙungiyar zumunta ta magina da kafintoci a Masaka. Iyayenmu suka kafa ta lokacin da suka zo leburanci ana gina Abuja. Wani abokin aikinsu ne ya kwanta ciwo a ɗaki shi kaɗai, sai wari ne ya sanar da mutuwarsa. Daga nan suka yi alƙawari, Musulminsu da Kiristansu, ba wanda zai ƙara jinya shi kaɗai. Ƙungiyar nan ta kai gawa gida, ta riƙe marayu a makaranta, ta yi wa matan mamata rufin ɗaki. Amma babbar dokarta ita ce langa. Wata tsohuwar langa ce da ke zagaya gidaje. Gidan da ta sauka su za su dafa, maigidan ya kai wa mara lafiya, ya zauna su ci tare. Ba a ajiyewa a tafi.

Da 'yan ƙungiya suka tambaye ni, na ce musu taifot ne.

Kunya ce da tsoro, ba wani abu ba. Na ga yadda aka yi wa wani mai tibi a layinmu, ko gaisawa an daina yi da shi.

Matasa sukan zo su ci loma biyu, su duba waya, su wuce. Baba Iliya kuwa, tsohon magini ɗan Yangoji, aminin marigayi babana Garba, shi ko ba ranarsa ba ce sai ya karɓi langar. Ya shigo, ya rufe taga da hannunsa wai kada iska ta buge ni.

"Ɗan Garba, ci mana! Haba, ka koma kamar sandar awo. Babanka malmala huɗu yake tashi da ita."

Yana da ciwon suga, kuma na san tibi ya fi saurin kama mai suga. Kullum sai na ce gobe zan faɗa masa. Sau ɗaya har na ce "Baba", ya ce "Na'am?", na ce miyar ta yi daɗi.

Magani ba wasa ba ne. Ƙwayoyi manya-manya kafin karin kumallo, fitsari ya koma ja, amai, ciwon gaɓoɓi. Ba aiki, ga kuɗin mota, ga abinci, har injin yankan katakona na sayar. A wata na biyu aka sake gwaji, aka ce na daina shafawa.

A wata na biyar Baba ya fara tari.

Da aka gano tibi ne, shi bai ɓoye ba. Duk wanda ya kai masa langa sai ya ce, "Zauna daga bakin ƙofa, ciwon nan yana kama mutane." Ni ma ya faɗa min haka. Na zauna a bakin ƙofa.

Bayan an ce na warke da mako uku, Baba ya rasu.

Na tambayi likita. Ta ce, "Ba wanda zai iya rantsewa daga wurinka ya ɗauka." Hakan bai rage min komai ba.

Makon jiya na je Yangoji wurin matarsa, Mama Saratu. Na durƙusa na faɗa mata duka. Ta daɗe tana ɓarar gyaɗa ba ta dube ni ba.

Can ta ce, "Da ka faɗa masa, ɗana, da bai fasa zuwa ba. Kujera kawai zai fitar waje."

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da nas-nas, da matata, da duk gidan da ya ɗora min tukunya. 'Yan ƙungiya da kuka shiga ɗakina, ku yafe min, kuma don Allah ku je a gwada ku.

Tari ya wuce mako biyu, ku je asibiti. Kun fara magani, kada ku tsaya don kun ji sauƙi. Kuma ku faɗi sunan ciwonku. Ni na kare 'ya'yana tun ranar farko, na bar tsohon da ya zo ciyar da ni yana shaƙar numfashina.